Wutar lantarki a gidan haya: tambayoyi da amsoshi kan kariya daga jan wuta

Mai neman gidan haya yana duba ruwa, yana duba rufi da ƙofofi, amma da wuya ya buɗe akwatin rarraba wuta ya ga abin da ke ciki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne 'yan haya suka fi yi, wasu kuma daga bakin masu gidajen suke fitowa. Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa inda aka kawo doka an faɗi ƙasarta. Halin lantarki da jikin ɗan Adam kuwa ɗaya ne a ko'ina.

1. Wane irin tanadi ya kamata a samu a wayarin gidan da ake ba da haya?

Abu huɗu ne ginshiƙi. Wayoyi masu kauri daidai da nauyin da za su ɗauka, a rufe, ba tsirara ba. Fiyus ko bireka a kan kowane layi, domin ta yanke wuta idan nauyi ya yi yawa. Wayar ƙasa, wato waya ta uku da ke kwashe wutar da ta kauce hanya zuwa cikin ƙasa, da ta isa kowane soket. Sai na'urar da ke yanke wuta idan ta fara yoyo, wadda ake kira RCD. Ukun farko an daɗe da saninsu, kuma yawancin gidaje suna da wani abu daga cikinsu. Ta huɗun ce aka fi rasawa a tsofaffin gidaje, alhali ita ce aka ƙera musamman domin ran mutum. Ƙa'idojin wayarin na ƙasashe da yawa sun samo tushe daga ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60364, shi ya sa za ka ga abubuwan nan huɗu suna maimaita kansu ko'ina.

2. Wutar gida tana iya kashe mutum kuwa? Ai sau da yawa tana jan mutane kuma ba abin da ya same su.

Tana kisa, kuma ba ta buƙatar yawa. Abin da ke yi wa jiki illa shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, da hanyar da ta bi, da tsawon lokacin da ta ɗauka. Ana auna ta da amfa, kuma amfa ɗaya miliamfa 1000 ne. Mutum yana fara jin tsikari tun daga wajen miliamfa 1. Daga wajen miliamfa 10, tsokar hannu tana iya ƙanƙamewa har ya kasa sakin abin da ya riƙe. Idan ta haura miliamfa 30 ta kuma daɗe tana bi ta ƙirji, numfashi yana iya tsayawa, zuciya ta rikice ta koma karkarwa maimakon bugu, jini ya daina zagayawa.

Wanda wuta ta ja ya tsira, yawanci busasshiyar fata ce da takalmi da busasshen daɓe suka tare masa. Jiƙaƙƙen jiki ba haka yake ba. Turjiyar jiki ga wuta, wadda ake aunawa da om, tana iya sauka zuwa wajen om 1000, kuma a wutar volt 230 wannan na nufin miliamfa 230 za su bi ta cikin mutum, wato ninki bakwai da wani abu na adadin da ake tsoro. Soket ɗin da ya ɗan tsikare ka a falo kana sanye da takalmi, shi ne zai iya kayar da yaro a banɗaki ba takalmi. Ƙasashen da ke amfani da volt 120 ma ba su tsira ba, lissafin yana ba da miliamfa 120.

3. Akwai bireka a gidan, kuma tana faɗuwa idan wayoyi suka haɗu. Ba ta wadatar ba?

Ba ta wadatar ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Bireka da fiyus wayar gida suke karewa daga zafi da gobara. Dubi lambar da ke jikin birekar: 16, ko 20, ko 32. Amfa ne waɗannan. Bireka mai amfa 16 ba za ta motsa ba sai wutar da ke bi ta cikinta ta wuce miliamfa 16,000. Wutar da ke ratsa mutum a misalin tambaya ta 2 miliamfa 230 ce kawai. A wurin bireka, mutumin da wuta ke ja bai fi ƙaramin kayan wuta da aka kunna ba, don haka za ta ci gaba da ba shi wuta. Idan mai gida ya nuna maka jerin bireka ya ce komai na nan, gaskiya ya faɗa game da gobara, amma bai amsa tambayar jan wuta ba.

4. To mece ce RCD, kuma yaya take gane cewa wuta na jan mutum?

Wuta tana fita ta waya mai wuta, ta yi aikinta a cikin fanka ko firij, ta dawo ta wayar nutural. A lafiyayyen layi, abin da ya fita daidai yake da abin da ya dawo. RCD kamar mai gadin ƙofa take da ke ƙirga masu shiga da masu fita: wayoyin biyu suna ratsa wani zoben ƙarfe a cikinta, kuma muddin sun yi daidai, zoben ba ya jin komai. Da zarar wani ɓangare ya bi wata hanya, ta jikin mutum zuwa ƙasa, ko ta jiƙaƙƙen bango, ko ta gangar jikin injin wanki, lissafi ya karye, na'urar ta yanke wutar.

Wadda ake sa wa don kare mutum an saita ta a miliamfa 30. Ƙa'ida ta ce idan yoyon ya kai 30 ta yanke cikin ƙasa da kashi uku cikin goma na daƙiƙa, idan kuma ya kai ninki biyar, wato miliamfa 150, ta yanke cikin milisakan 40, wato kashi huɗu cikin ɗari na daƙiƙa. Za ka ji jan wutar, babu shakka, har yana iya yi maka zafi. Abin da na'urar ke yi shi ne gajarta lokacin kafin zuciya ta rikice.

A Amurka da Kanada ana kiran 'yar uwarta GFCI, kuma ta fi saurin ji: tana yankewa tsakanin miliamfa 4 da 6, yawanci kuma a jikin soket ɗin kansa take. Farfesa Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wanda ya yi shekaru yana auna yawan wutar da mutum zai iya saki da kansa, shi ne ya ƙirƙiro irin ta Amurka a farkon shekarun 1960.

5. Yaya zan san ko gidan da nake ciki yana da ita?

Buɗe murfin waje na akwatin rarraba wuta, wanda ake ɗagawa da hannu, ba wanda aka ɗaure da kusoshi ba. Nemi na'urar da ke da ƙaramin maɓallin gwaji, yawanci da harafin T a kansa, kuma a jikinta an rubuta 30mA ko 0.03A. Sau da yawa ta fi sauran faɗi. A wasu akwatunan kowace bireka tana da nata maɓallin gwajin. Irin waɗannan su ake kira RCBO, wato bireka da RCD a haɗe, kuma sun fi kyau domin matsalar ɗaki ɗaya ba ta kashe wutar gida duka. Idan ba ka ga maɓallin gwaji ko ɗaya ba, a akwati ko a jikin soket, gidan ba shi da ita.

Ganinta ma bai nuna ta rufe ko'ina ba. Danna maɓallin, sannan ka zagaya ka ga waɗanne soket ne suka mutu, waɗanne ke da wuta. Duk wanda ya rage da wuta ba ya ƙarƙashinta.

6. Tawa an rubuta 100mA, ta maƙwabcina kuma 300mA. Bambancin yana da muhimmanci?

Ƙwarai. Masu miliamfa 100 da 300 ana sa su ne domin rage haɗarin gobara daga yoyon wuta, ko a matsayin babbar mai tsaro a bakin shigowar wuta. Ba a lissafa su a matsayin kariyar mutum daga taɓa wuta, domin kafin su yanke, wutar ta riga ta wuce adadin da aka bayyana a tambaya ta 2. Soket da banɗaki da duk abin da ake amfani da shi a waje suna buƙatar mai 30 ko ƙasa da haka. Akwai kuma wata tsohuwar na'ura da ake kira ELCB mai aiki da ƙarfin volt, wadda ke dogaro kacokan ga wayar ƙasa. Idan wuta ta bi ta jikin mutum ba ta wayar ba, ba lalle ta ji ba. An daina sa irinta tuntuni, kuma idan ita ce a gidan, canza ta ya kamata a yi.

7. Mene ne aikin wayar ƙasa? Idan akwai RCD, har yanzu ana buƙatarta?

Ana buƙatarta. Ita ce waya ta uku, mai launin kore da rawaya a yawancin ƙasashe, kore ko tsirarar tagulla a Amurka. Tana haɗa gangar jikin kayan ƙarfe, kamar firij, dutsen guga, hita da injin wanki, da ƙasa. Idan waya mai wuta ta goge a ciki ta taɓa gangar jiki, wutar za ta bi wayar ƙasa nan take, bireka ko RCD ta faɗi tun kafin kowa ya kai hannu.

Idan babu wayar ƙasa, gangar jikin za ta zauna da wuta tana jira. RCD ba za ta ga komai ba, domin babu inda wutar ke yoyo, sai lokacin da mutum ya taɓa ya zama shi ne hanyar. A nan za ta yanke, kuma tana iya ceton rai, amma an riga an gwada ta da jikin mutum. Ramin soket guda uku ba hujja ba ne cewa akwai wayar ƙasa a bayansa. Ana samun soket da ramin na uku ba a haɗa shi da komai ba. Mafi muni shi ne dabarar haɗa ramin ƙasa da wayar nutural a bayan soket. Ƙaramin magwaji zai nuna komai daidai, amma ranar da nutural ta tsinke a wani wuri, gangar jikin duk abin da ke jone za ta ɗauki wuta.

8. Doka ta wajabta wa mai gida ya sa RCD ko ya sa a duba wayarin?

Ya danganta da ƙasa, wani lokaci ma da jiha. Kusan ko'ina akwai asalin ƙa'ida cewa wanda ya ba da haya dole ne ya ba da wurin da za a zauna ba tare da haɗari ba, kuma wayarin da ke cikin bango, akwatin rarraba wuta, soket da makunnai duk nasa ne. Inda ake rabuwa shi ne yadda aka fayyace.

A Ingila, tun daga 1 ga Yuli 2020 ga sababbin haya, da 1 ga Afrilu 2021 ga waɗanda ke gudana, dole mai gida ya sa ƙwararre ya duba wayarin aƙalla duk shekara biyar, ya ba ɗan haya kwafin rahoton, sabon ɗan haya kuma a ba shi kafin ya tare. Gyaran da rahoton ya wajabta ana yin sa cikin kwana 28, ko ƙasa da haka idan rahoton ya ce. Sikotland ta fara irin wannan dubawa tun Disambar 2015, kuma daga Maris 2024 ta wajabta RCD a gidajen haya masu zaman kansu. A Faransa, idan wayarin ya haura shekara 15, sai an haɗa rahoton bincikensa da yarjejeniyar haya, kuma rahoton yana aiki na shekara shida. A Yammacin Ostireliya, gidan haya sai da RCD aƙalla biyu. Jamus ta wajabta ta a banɗakunan sababbin gine-gine tun 1984, sannan a soket gaba ɗaya daga 2009, amma ba ta tilasta a sa wa tsofaffin gidaje ba. A Amurka ƙa'idar lantarki ta ƙasa ta shigar da banɗaki a 1975, soket ɗin kicin da ke kusa da wurin wanke-wanke a 1987, kowace jiha ko birni kuma ke zaɓar bugun ƙa'idar da za ta bi.

Domin sanin naka matsayin, karanta yarjejeniyar hayarka, sannan ka tambayi hukumar da ke kula da gidaje ko lantarki a inda kake.

9. Mai gida ya ce ginin tsoho ne, sabuwar ƙa'ida ba ta shafe shi ba. Gaskiya ne?

Sau da yawa ta fuskar doka yana da gaskiya. A ƙasashe da dama ana auna wayarin ne da ƙa'idar da ke aiki lokacin da aka yi shi. Sai dai wannan sassauci yana da iyaka biyu. Na farko, yana ƙarewa idan aka yi babban gyara: sabon layi, sabon banɗaki, ko canza akwatin rarraba wuta, duk sai sun bi ƙa'idar yau. Na biyu, bai taɓa rufe lalacewa ba. Fasasshen soket, waya tsirara, makunni mai tartsatsi, robar waya da ta bushe tana marmashewa, babu shekarun ginin da za su halatta su.

A ganina ma, tsufan gini hujja ce ta sa na'urar, ba ta barinta ba. Tsohon wayarin ne ya fi yoyo, shi ne kuma aka fi samu babu wayar ƙasa. Sa RCD a akwati ƙaramin aiki ne ga ƙwararre idan wayarin ya yarda. A wasu tsofaffin gidaje da aka haɗa nutural da wayar ƙasa a waya guda, sai an raba su tukuna, domin na'urar ba ta aiki a kan irin wannan layi. Nan ne aikin ke girma.

10. Ni ɗan haya, me ke kaina?

Kayan da ka shigo da su, da yadda kake amfani da su, da sanar da mai gida idan ka ga matsala. Igiyar dutsen guga da ta goge, caja mai zafi, filogi da aka cire masa ƙafar ƙasa, ko cusa tsirarar waya cikin soket, duk naka ne. Haka nan lodin ekstenshan: wanda aka rubuta wa amfa 13 a volt 230 yana ɗaukar wajen wat 3000 gaba ɗaya, kuma butar dafa ruwa ita kaɗai tana iya cinye fiye da 2000. Kada a jona ekstenshan a kan ekstenshan, kuma mai naɗi a warware shi kafin a ɗora masa nauyi. Wayarin cikin bango kuwa kada ka taɓa shi, ko da ka iya, sai da izinin mai gida a rubuce da hannun ƙwararre. Idan gobara ta tashi daga aikin da ka yi a ɓoye, alhakin zai iya dawowa kanka.

11. Sau nawa ake danna maɓallin gwaji?

Ƙa'idar Birtaniya ta yanzu ta ce duk wata shida. A Amurka masu ƙera GFCI suna cewa kowane wata. Bi abin da aka rubuta a jikin na'urar ko akwatin. Kashe kwamfuta da makamantanta tukuna, danna maɓallin, ya kamata ta faɗi nan take, sai ka mayar da ita. Idan ba ta faɗi ba, ko ta yi jinkiri, ka ɗauka babu ita, ka sanar da mai gida a ranar. Na'urar da ta yi shekaru ba ta motsa ba tana iya cijewa saboda ƙura da tsatsa, gwajin kansa yana taimaka mata.

12. Tamu tana yawan faɗuwa ba dalili. Wani ya ce a cire ta a huta. Ya dace?

Kada a cire ta, kuma kada a tsallake ta da waya. Da wuya ta faɗi ba dalili. Yawanci dalilin ne ba a gani ba. Cire duk filogi daga soket, cirewa ba kashe makunni kawai ba, domin yoyon yana iya kasancewa tsakanin nutural da ƙasa. Mayar da na'urar. Idan ta tsaya, riƙa jona kayan ɗaya bayan ɗaya har ka gane mai laifin. Waɗanda aka fi kamawa su ne masu haɗa ruwa da zafi: hitar ruwa, buta, injin wanki, dutsen guga, tsohon firij, famfon tura ruwa, da fitilar waje bayan ruwan sama.

Idan ta ƙi tsayawa alhali babu abin da ke jone, matsalar a wayarin take, wannan kuma aikin mai gida ne. Akwai hali na uku: babu abu ɗaya da ya lalace, amma kowane kayan lantarki yana ɗan yoyo kaɗan bisa ƙirarsa, kuma na'urar mai 30 tana da damar faɗuwa tun daga miliamfa 15. Idan gida duka yana kan RCD guda, ƙananan yoyon suna taruwa su kai. Maganinsa raba layukan, ko sa RCBO kamar yadda aka ambata a tambaya ta 5. Canza ta da mai 100 domin a daina damuwa ba magani ba ne, duba tambaya ta 6.

13. Idan ina wanka, kan famfo yana ɗan tsikarata. Firij ma haka idan ba takalmi. Abin damuwa ne?

Ki daina amfani da wurin yau ɗin nan. Tsikarin yana nufin abu biyu a lokaci guda: wuta tana yoyo zuwa ƙarfen, kuma wayar ƙasa ba ta kwashe ta. Abin da ke tsikari yau yana iya zama cikakkiyar wuta gobe idan rufin wayar ya ƙarasa lalacewa. Kashe birekar hitar ruwa ko ta layin da abin yake, ki cire filogin firij, ki sanar da mai gida cewa gaggawa ce. Idan tsikarin famfo bai daina ba bayan kin kashe babban makunnin gidanki, wutar daga wani wuri take shigowa, wataƙila daga maƙwabta ta bututun ƙarfe ko daga layin da ke kawo wuta, don haka kowa a ginin ya kamata ya sani. Sauran alamun da ba a jinkirta su: warin ƙonewar roba, soket da ya yi baƙi ko zafi, ƙarar tartsatsi a bango, da fitilu da ke ƙara haske fiye da kima idan an kunna wani abu, wanda kan nuna nutural ta saki.

14. Na faɗa wa mai gida, ya yi shiru. Me ya rage mini?

Mayar da maganar rubutacciya, da kwanan wata, da hoto, ka faɗi matsalar dalla-dalla ka kuma nemi ranar da za a gyara. Ajiye kwafi. Idan lokaci ya wuce, kai ƙara ga hukumar gidaje, ko ta lafiyar muhalli, ko mai sa ido kan lantarki a yankinku. Kada ka dakatar da biyan haya ko ka cire kuɗin gyara daga ciki da ra'ayin kanka sai ka tabbatar dokar wurinku ta yarda, domin a wurare da yawa hakan yana ba mai gida hujjar korarka.

Kafin a gyara, akwai abin da ke hannunka. Ana sayar da ƙaramar RCD da ake jonawa tsakanin soket da filogi, da ekstenshan mai ita a ciki. Ba ta buƙatar izinin kowa, kuma za ka tafi da ita idan ka tashi. Abin da aka jona ta cikinta kawai take karewa, don haka ka fara da injin wanki, kayan kicin da duk abin da ake fita da shi waje. Wani ɗan hayar yakan yi tayin raba kuɗin sa ta a akwati. Idan kun yi haka, a rubuta.

15. Akwai abin da RCD ba ta iya karewa?

Akwai. Idan mutum ya riƙe waya mai wuta da nutural a lokaci guda, kuma bai taɓa ƙasa ba, abin da ya fita yana dawowa daidai, na'urar ba za ta ga bambanci ba. Yaron da ya cusa ƙarfe a ramuka biyu yana iya faɗawa wannan hali, shi ya sa soket mai murfin ciki yake da muhimmanci inda akwai yara. RCD zalla ba ta kula da lodi, wannan aikin bireka ne. Ba ta ganin sako-sakon haɗi da ke zafi a bayan soket. Akwai wata na'ura dabam mai gano tartsatsi domin wannan. Ekstenshan mai kare kaya daga hauhawar wuta, da stabilaiza, talabijin da kwamfuta suke karewa, ba mutum ba.

16. Muna amfani da janareto ko inbata idan babu wuta. Na'urar tana aiki a lokacin?

Ba lalle ba ne. RCD tana buƙatar wutar da ta yi yoyo ta sami hanyar komawa tushenta ta ƙasa. A wutar layi, an haɗa nutural da ƙasa a taransifoma. Ƙananan janareto da inbata da yawa ba su da wannan haɗin, don haka matsala ta farko ba ta kayar da komai, tana nan a ɓoye har ta biyu ta zo. Maɓallin gwaji zai iya kayar da na'urar duk da haka, domin a cikin na'urar kanta yake yin gwajin, sai ka zaci komai lafiya. Ƙwararre ne zai duba yadda aka haɗa nutural da ƙasa a kowane tushe, ya kuma tabbatar RCD tana bayan makunnin sauya layi, ba gabansa ba.

Jona janareto da gidan ta soket, da igiya mai filogi a kowane ɓangare, haɗari ne babba: ƙafafun filogin suna ɗauke da wuta a fili, kuma wutar tana iya komawa layin waje ta kama ma'aikacin da ya zaci an kashe. A gidan haya, duk wannan aiki sai da yardar mai gida, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 10.

17. Wuta ta kama mutum a gabana. Me zan fara yi?

Kada ka taɓa shi. Kashe babban makunni ko ka zare filogin. Idan ba za ka kai gare su ba, tsaya a busasshen wuri ka ture wayar ko hannunsa da busasshen katako ko roba. Kira motar asibiti. Idan ba ya numfashi kamar yadda aka saba, fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kada ka tsaya har taimako ya iso. Wanda ya suma, ko ya ƙone, ko yake jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba daidai ba, da mai juna biyu, da yaro, a kai su asibiti ko da sun ce sun warke, domin ƙunar lantarki takan fi zurfi a ciki fiye da yadda take a fata. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa matuƙar wuta na jone.

18. Idan ƙwararre ya zo duba gidan, me ya kamata in ga ya yi, kuma wace irin RCD zan nema?

Kallon ido da sukudireba mai fitila ba bincike ba ne. Mai aikin gaskiya yana kashe wuta ya auna ko wayar ƙasa ta isa kowane soket, ya auna ƙarfin rufin wayoyi, ya tabbatar ba a juya waya mai wuta da nutural ba, ya auna turjiyar hanyar ƙasa, sannan ya sa wa RCD yoyo na gwaji ya ga milisakan nawa ta ɗauka kafin ta yanke. Duk waɗannan lambobi ne da ake rubutawa, kuma kana da damar neman kwafi. A rahoton Birtaniya, C1 na nufin haɗari yana nan yanzu, C2 na nufin zai iya zama haɗari kuma a gyara da gaggawa, C3 shawarar ingantawa ce, FI kuma a ƙara bincike. Rahoto mai C1 ko C2 bai ci jarrabawa ba.

Game da nau'i, akwai haruffa ko ƙananan alamu a jikin na'urar. Nau'in AC shi ne mafi tsufa, yana gane yoyon wuta mai kai-komo zalla. Kayan zamani, kamar caja, fitilun LED, da injin wanki ko na'urar sanyaya ɗaki masu inbata, suna iya yoyon da ke da gaurayen wuta mai tafiya gefe guda, wanda kan dushe wa nau'in AC ji. Nau'in A yana gane wannan, kuma shi ne ya dace da gidan yau. Jamus ta daɗe da daina amincewa da AC a gidaje. Nau'in F da B na kaya ne na musamman, kamar wasu inbatocin sola da cajar motar lantarki, kuma takardar kayan ce ke faɗin wanda ake buƙata. Idan za a canza akwatin gidan, nemi a sa nau'in A mai miliamfa 30 a kan duk layukan soket da na banɗaki, a kuma rubuta a jikin kowace bireka ɗakin da take riƙe da shi.